Tambayar da Nana ta yi mini daren jiya: don mi dare ke da duhu?

Baban Nana (Tawa): Salamu alaikum jama'a, ina kwananku. Ina da tambaya wadda ta hana ni kwana, kuma ba tawa ba ce ta ɗiyata ce. Jiya bayan isha'i kuran ya ɗauke unguwarmu duka, ga babu wata, hazon ga da ya dame mu sati guda shi ma ya kwanta, sai munka shimfiɗa tabarma tsakar gida muna jiran shayi ya nuna. Wallahi na jima ban ga sama kamar jiya ba, taurari kamar an watsa gero bisa baƙin zane. Ina nuna ma Nana kaza da ƴaƴanta, shekarunta 9, sai na ce mata mushenmu ya taɓa gaya muna kowane tauraro rana ne irin tamu, nisa ne ya maida shi ƙarami, kuma ba su ƙirguwa. Ta yi shiru can ta ce baba in dai ranaku ne kuma ba su ƙirguwa to don mi dare ke da duhu, ai kamata ya yi ko'ina ya yi haske. Na ce mata nisa ne. Ta ce ai kai ka ce suna da yawa. Daga nan na tsaya. Da ta yi kwana na tambayi IA ɗin da ke cikin salulata, wato na'urar nan mai amsa tambaya kamar mutum, da Hausa abin da ta rubuto bai kama hanya ba, da faransanci ta ba ni bayani mai tsawo da sunan wani Olbers, na karanta sau uku amma har yanzu ban iya gaya ma yarinya shi da bakina. Mushe Isuhu don Allah in kana kusa.

Laminu Ɗan Barmu: Amin alaikumus salam yaya. Ni ban ga wuya nan ba, rana ta hwaɗi ta koma wancan gehen duniya shi kenan sai duhu. Yara haka suke da tambaya

Ramatu (Yamai): A'a Laminu ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ta yarda rana ta faɗi. Cewa take sauran ranakun fa, waɗanda ba su faɗi ba? Kawu wannan yarinyar a kula da ita don Allah

Mushe Isuhu: Wa alaikumus salam. Baban Nana, ka gaishe mini da Nana, ka ce mata tambayarta ta fi shekara 400 tana yawo. Wani masanin taurari, Kepler, ya yi ta a 1610, sannan wani likita Bajamushe mai son kallon sama, Olbers ɗin da ka gani, ya sake rubuta ta a 1823, sunansa ya bi abin. Bari in fara da nuna cewa tana da gaskiya, don mutane da yawa ba su jin nauyin tambayar. Ka shiga tsakiyar gonar hatsi ƙarshen damina, lokacin da kara ya fi ka tsawo. In gonar ƙarama ce kana hango waje ta tsakanin kara. In babba ce wadda ba ka ganin iyakarta, duk inda ka juya idonka sai ya sauka kan kara, na kusa ya yi kauri, na nesa ya yi siriri amma na nesa sun fi yawa, sai su toshe kowace kafa. To haka sama. Tauraron da ya ninka nisa sau 2 haskensa na raguwa sau 4, amma a wannan nisan yawan taurarin ma ya ninka sau 4, abin da nisa ya cinye yawa ya maido. In da sama ba ta da iyaka, cike take da taurari ko'ina, kuma tun azal suna nan suna ci, babu ɗigo ɗaya a sama da idonka ba zai sauka kan fuskar wata rana ba. Da sama duka ta zama farar wuta dare da rana, da ba mu nan ma balle mu sha shayi.

Laminu Ɗan Barmu: To mushe ƙura ce ta tare. Mu da muke gani in hazo ya sauko ko hitilar mota ba ka hangowa daga mita 100

Mushe Isuhu: Madalla Laminu, Olbers kansa amsar da ya kawo ke nan, kuma akwai ƙura da gaske tsakanin taurari. Amma tuna bangon ɗakinka a watan Afrilu. Yini guda yana shan rana, ƙarfe 11 na dare ka ɗora hannu kansa ka ji yana maido maka da zafin, har kwana ciki ya gagara. Abin da ya sha zafi dole ya fitar. Ƙurar da ta tare hasken ranaku marasa iyaka na lokaci marar iyaka za ta yi ta zafi har ita ma ta ɗau ja kamar ƙarfe a maƙera, ta haska kamar su. Don haka ƙura ba ta fid da mu.

Gwaggo Zali: Isuhu kana ta ja muna rai, faɗi amsar tun reso bai gudu ba

Mushe Isuhu: To yaya Zali. Amsar tana cikin abu biyu: haske tafiya yake yi, kuma duniya tana da farko. Haske na cin kilomita 300,000 a sakan ɗaya, wato kafin ka ce ɗaya ya je Yamai daga Tawa ya dawo fiye da sau 200. Da sauri, amma ba nan take ba. Daga wata zuwa nan sakan ɗaya da ɗan abu. Daga rana minti 8 da sakan 20. Tauraron nan mai tsananin haske da ke fitowa gabas maso kudu da dare a wannan lokacin na ɗari, Shi'ira, haskensa shekara 8 da rabi da ɗan ɗori yake yi a hanya, ka ga wanda Nana ta gani jiya ya baro can tana jaririya. Kaza da ƴaƴanta kuwa wajen shekara 440, hasken da ya shiga idonku jiya ya taso tun kafin a haifi Shehu Usmanu da nisa. Kallon sama kallon baya ne.
Yanzu ɗora na biyu. Awon da aka yi ya nuna sararin ga duka shekarunsa wajen miliyar 13.8. In haka ne akwai iyakar inda haske ya samu lokacin isowa gare mu. Abin da ke bayan wannan iyakar ko ya cika da ranaku, wasiƙarsa tana hanya ba ta iso ba. Gonar da muke iya gani ba ta kai faɗin da kara zai toshe kowace kafa ba, kuma su taurarin ba dawwama suke ba, ana haihuwarsu man su ya ƙare su mutu. Baƙin da ke tsakanin taurari shi ne kafar. Ni a wurina wannan na cikin abubuwan da suka fi girgiza ni a duk fizik ɗin da na koyar, cewa ba sai da na'ura ba, mutum na zaune bisa tabarma yana ganin shaidar cewa abin ga yana da mafari.

Baban Nana (Tawa): Allahu akbar. Mushe wannan na gane shi. Amma IA ɗin ta yi ta maganar wai sama na buɗewa, shi kuma ina ya shigo

Mushe Isuhu: Yana taimakawa amma ba shi ne babban dalili ba, na farkon ya fi nauyi. Samo robar tib irin wadda Laminu ke ɗaure kaya bayan moto, ka yi mata ɗigo-ɗigo da alli, ka ja. Kowane ɗigo zai nisanci kowane, kuma na nesa ya fi na kusa saurin nisanta, alhali babu ɗigon da ya yi tafiya, robar ce ta miƙe. Lemaître ɗan Beljiyam ya fitar da haka a lissafi a 1927, Hubble a Amurka ya nuna shi da awo a 1929: garken taurarin da ya fi nisa ya fi saurin gudu daga gare mu. Hasken da ke tafe cikin sarari mai miƙewa shi ma miƙewa yake, ya yi ja, ya wuce ja, har ido ya daina kama shi. Ga abin mamakin: a gaskiya sama cike take da haske ta kowace kusurwa, kamar yadda Nana ta ce ya kamata. Lokacin da sararin ga ke da shekara wajen 380,000 ko'ina wuta ce mai zafin digiri wajen 3000. Wannan hasken yana nan har gobe, ya miƙe sau fiye da 1000, ya huce har ya koma wajen digiri 270 ƙasa da sifili. Penzias da Wilson suka ci karo da shi a 1964 suna gyaran wata babbar antan a New Jersey, wani shuu ya ƙi barin na'urarsu, har suka zaci kashin tattabarun da suka yi sheƙa ciki ne, suka share suka kori tattabarun shuu ɗin bai tafi ba. An ba su Nobel a 1978. Masu shekaru irin nawa, kun tuna tsohuwar tele in tasha ta rufe sai allon ya cika da yayyafin baƙi da fari? Wani ɗan ƙaramin kaso na wannan yayyafin daga can yake.

Malam Almu: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Shi'ira da mushe ya ambata sunanta na cikin suratun Najmi, kuma a Zariyat aya ta 47 an ambaci gina sama da yalwatawa, na san da yawa cikinku can hankalinsu ya tafi. Ni dai shawarata ga matasanmu, ku yi tafakkuri don an umurce mu da shi, amma kada ku riƙa ɗinke aya da kowane lissafin da ya fito bana. Magabata sun fassara kalmar da iko da yalwar arziki ma. Lissafi ana gyara shi, in ka ɗinke su ranar da aka warware ɗaya sai yaro ya zaci ɗayan ma ya yage.

Mushe Isuhu: Malam na yarda da kai ɗari bisa ɗari, kuma ka san shi Lemaître limamin coci ne. Da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna kamar binciken ya tabbatar da halitta, shi Lemaître bai ji daɗi ba, ya fi so a bar kowane a gurbinsa. Kuma gyara kam ana cikinsa yanzu haka. Saurin buɗewar ma in an auna ta tsohon hasken nan ana samun wajen 67 a ma'aunin masana, in an auna ta taurarin kusa ana samun wajen 73, kowane ɓangare ya sake awo ya ƙi sauka. Sannan duk abin da muka sani, ƙasa da ruwa da taurari da mu kanmu, kashi 5 ne kawai cikin 100. Wajen 27 wani abu ne mai nauyi da ba ya haske, ana ganin jansa kan taurari ba a ganinsa, aikin Vera Rubin ya ƙarfafa wannan. Sauran 68 shi ne abin da ake zaton yana ingiza buɗewar, an sa mai suna bayan 1998 da aka ga buɗewar ƙara sauri take ba raguwa ba. Suna aka ba su, ba a kama su ba tukuna.

Abdulkarim (Yamai): Ni abin da ya tsaya mini daban ne. IA ta ba Baban Nana amsar daidai nan take, abin da ya ɗauki mutane shekara ɗaruruwa. Amma kowa ya wuce kamar ba komi ba. Ku yarda ku ƙi, abin nan ya fara fahimta

Malam Almu: Aku ma na maimaita sallama Abdulkarim, amma ba a ba shi limanci

Ramatu (Yamai): Malam da girmamawa, ni ban tare da ku duka biyun. Wannan ne karatuna. Ba aku ba ne, don aku abin da ya ji kawai yake maidowa, wannan kuwa za ka ba shi matsalar lissafi da ka ƙirƙira yanzu da kanka ya warware. Yadda aka gina shi dai, an ɗura masa rubutu mai yawan da mutum ba zai karance ba ko zai yi rai dubu, aikinsa ya canki kalmar da za ta biyo baya, in ya kuskure a ɗan murɗa lambobin da ke cikinsa, miliyar-miliyar ɗinsu, a sake, a sake, har cankensa ya yi kyau. Daga baya mutane su horar da shi yadda zai riƙa amsawa. Shi ya sa kawu ya ga bambanci, faransanci ya ci ya ƙoshi, Hausa ɗan lasa ya yi, don rubutunmu a intanet kaɗan ne, hirarmu duk a murya take. Ni na gwada tambayarsa sunayen taurari da Hausa, ya ba ni wasu da ban taɓa jin bakin kowa ya faɗa ba, kuma da cikakken ƙarfin hali, bai nuna alamar shakka ba. Wannan ne ke ba ni tsoro ba wayonsa ba

Abdulkarim (Yamai): Amma Ramatu don ka canki kalma ta gaba a bayanin fizik ai sai ka riƙe fizik ɗin a wani wuri cikinka, in ba haka ba yaya za ka dace? Kuma ba rubutu kaɗai ba. A 2016 a Seoul wata IA mai suna AlphaGo ta ci gwani Lee Sedol 4 da 1 a wasan go, wanda ya fi darar da tsofaffi ke yi bakin kasuwa zurfi nesa ba kusa ba, a wasa na biyu ta aza dutse na 37 a wurin da gwanaye suka zaci kuskure ne sai daga baya suka ga shi ya ci wasan. Wa ta kwaikwaya a nan? Wata IA ɗin kuma, AlphaFold, ta iya hango siffar da furotin, sinadarin ginin jiki, ke ɗauka in ya naɗe, abin da ya gagari masana shekara 50, waɗanda suka gina ta, Hassabis da Jumper, suka samu Nobel na kimiyyar sinadarai a 2024, a shekarar kuma na fizik ya tafi ga Hopfield da Hinton saboda tushen waɗannan na'urorin. In wannan ba fahimta ba ce to a ba ni ma'anar fahimta

Ramatu (Yamai): Ka kawo wurin da gardamar take, ma'anar. In fahimta ita ce iya aiki da abu, to tana da wani kaso, ban musa ba. In kuwa ana nufin akwai wani a ciki da yake jin abin, kamar yadda kawu ya kasa barci jiya, to babu awon da ke nuna haka, ko a kan mutum ma ba a gano yadda nama mai ƙwayoyi wajen miliyar 86 ke haifar da "ina ji" ba. Kuma duba, ƙwaƙwalwar Nana wajen wat 20 take ci, ampul ɗaya ke nan, da koko da ƙosai take tafiya. Ba ta karanta Kepler ba. An ba ta magana biyu, ranaku ne kuma ba su ƙirguwa, ta ɗaga kai ta ga ba su dace da abin da ke gabanta ba, ta ƙi haɗiyewa. A go da furotin mutane ne suka ce ga matsalar, ga yadda ake gane an ci. Ranar da na'ura za ta dubi abin da kowa ya saba da shi ta ce tsaya wannan bai kamata ya zama haka ba, ba tare da an aike ta ba, ranar zan zo in same ka in ce ka yi gaskiya. Ban ce ba za ta zo ba

Abdulkarim (Yamai): Na riƙe wannan alkawarin ƙanwata. Ni ina ganin ba za mu tsufa ba sai ta zo

Laminu Ɗan Barmu: Ku yi haƙuri manya, ni duk na ji kuma ya yi daɗi, amma mutumin da kuran ke ɗauke mai kullum ga tsadar hatsi, mi shekara miliyar 13 za ta ƙara mai? Turawa sun ƙoshi ne shi ya sa suke leƙen sama

Gwaggo Zali: Laminu kakanka ba ƙoshi ya sa shi leƙen sama ba. Ni na tashi na iske tsohonmu a ƙauye in ya ga kaza ta daina fitowa da maraice cikin bazara sai ya ce a fiddo kalme a gyara, damina ta matso. Inna kuma da gamzaki take tashi daka. Su ba su je lakkol ba amma sun san sama fiye da ɗiyanmu na yanzu da ba su ɗaga kai daga salula. Zara matar wata ma yaran yanzu sai ka nuna musu

Mushe Isuhu: Ƙari kan na yaya Zali. Taswirar da ke cikin salularka mai nuna maka hanya, agogon taurarin ɗan adam ɗin da take dogara da su yana gaba da namu da wajen kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana, lissafin Einstein ne ya faɗi haka, in ba a gyara ba kuskuren na kai wajen kilomita 10 a yini. Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan fagen. Jami'ar Yamai sunan wa take ɗauke da shi? Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, malamin fizik ne da ya ba da rayuwarsa ga makamashin rana tun ana ganin abin kamar mafarki, yau ga panno bisa rufin gidaje har ƙauye. Sannan dutsen nan da aka tsinta a jihar Agadas a 2023, kilo 24 da ɗori, ɓallin duniyar Maris ne, mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa, an yi gwanjonsa a New York a 2025 sama da dala miliyan 5, sai daga baya hukuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Wannan abin yana ci mini rai har yau. Da muna da yara da yawa da suka san mene ne, da ɗakin awo namu, da ɗalibanmu ne ke taɓa shi da hannunsu.

Laminu Ɗan Barmu: Wannan na dutsen kam ya shige ni mushe. Na ji labarin a rediyo ban san daga wata duniya ya hwaɗo ba

Baban Nana (Tawa): Jama'a na gode ƙwarai Allah shi saka. Ta dawo daga lakkol yanzu, na zaunar da ita na yi mata na gonar hatsi, ta gane nan take don ta je gonar kakanta bana. Na wasiƙar da ba ta iso ba ya fi burge ta, ta ce to kullum sabbi na isowa ke nan. Na yanko robar tib munka yi ɗigo da alli, ita ta riƙe gehe guda ni guda munka ja. Sai ta saki robar ta ce baba ita roba cikin tsakar gida take miƙewa, to ita sama cikin mi take miƙewa? Mushe ga ta nan zaune kusa gare ni tana jira

Mushe Isuhu: Ka ce mata a nan ne misalin roba ya gaza, don roba na da baki biyu da tsakar gida, lissafin kuwa bai buƙatar wani waje da ake miƙewa cikinsa, tazarar da ke tsakanin abubuwa ce kawai ke ƙaruwa. Na san ba zai gamsar da ita ba, wannan sai da zama. Ina da jumel, madubin hangen nesa, tsohuwa mai kyau. Ku bari wata ya yi duhu, in babu hazo mu fita bayan gari hanyar Barmu bayan isha'i, kafin ƙarfe 9 don lokacin tana sama sosai, in nuna mata garken taurarin da ake ce ma Andromeda, ɗan farin tabo ne kamar an goga alli da yatsa, haskensa shekara miliyan 2 da rabi yake tafe. A sa mata rigar sanyi, wajen akwai iska.

Laminu Ɗan Barmu: Ni zan ɗauko mushe bisa moto, yaya kai ka taho da Nana da kayan shayi. Gwaggo za ki?

Gwaggo Zali: In ƙafata ta bari za ni, kuma da jikokina biyu, ku nemo mota